Ranar da Akawu Ya Kimtsa Kwamfutar Jikarsa

An yi wani dattijo da kowa ke kira Akawu, domin aikin da ya yi ke nan har ya yi ritaya. Shekara talatin da biyu ya yi a ofishin ajiyar takardu, ko talatin da uku, lissafin ya ɗan kwance mini, amma dai ya daɗe har kujerarsa ta ɗauki siffar zamansa. Mutum ne mai tsafta da tsari, ba ya makara, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai iya furta “ni na yi” ba. Idan harafi ya fita a karkace, tafireta ce ta tsufa. Idan fayil ya ɓace, masinja ne. Idan ya zubar da shayi a gida, kofin ne ba shi da gindin kirki. Matarsa, wadda yaran gida da na maƙwabta ke kira Iya, takan ce a shekara arba'in da suka yi tare, kofuna sun yi laifi fiye da ɓarayi.

Akwai wata ƙa'ida da ya taso da ita a ofis: ba a tashi aiki a bar takarda ko ɗaya a kan tebur. Kowace takarda da fayil ɗinta, kowane fayil da lambarsa a goshi da manyan baƙaƙe: haruffa biyu, lamba, sannan abin da ke ciki. Tafiretarsa ma tana nan a ɗakinsa lulluɓe da rigarta, duk Asabar sai ya buɗe ta ya ɗiga mata mai. Irin waɗancan injuna, in ka danna harafi sai ka ji shi har kafaɗa. Na yanzu kuwa shafa su ake yi kamar ana lallashin mage. To, mu koma kan labari.

A gidan akwai jikarsu, 'yar babban ɗansu, tana karatun aikin jinya. Ta zo ta zauna wurin kakanninta ne saboda gidansu ya fi kusa da asibitin da take koyon aiki. Shi yana kiranta Likita, ita kuma tana kiransa Baba Tsoho, kuma ba a wayi gari ba tare da sun taɓa juna ba.

“Baba Tsoho, yau ma gemun nan bai yi baƙi ba?”

“Jira nake ki gama karatu ki rubuta mini maganinsa.”

“Mu ba ma rubuta magani, allura muke yi.”

“To bar shi da farinsa.”

Wannan tsokanar ita ce gishirin ranarsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

A shekararta ta ƙarshe, Likita tana rubuta kundin kammala karatu. Ta yi wata huɗu tana hira da mata ɗari da ashirin masu kawo jarirai awo, tana shigar da amsoshinsu kai tsaye cikin kwamfutarta ta tafi-da-gidanka. Makarantar ta sa ranar Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana, a matsayin lokacin ƙarshe na miƙa kundi. Wanda bai miƙa ba, sai ya jira 'yan ajin baya, shekara guda cur.

Kwamfutar takan zauna a kan teburin falo. Likita ta ba kakanta kalmar sirrinta domin ya riƙa kallon hotunan jikokinsa na nesa. Ta kuma koya masa yadda ake sauya wa hoto suna, don ya ce ba zai yarda a riƙa kiran jikansa da lambobi marasa ma'ana ba. Amma duk sanda ya shiga, abin da ke fara sukar idonsa shi ne fuskar allon. Fayiloli ne birjik, wannan a kan wancan, kamar kaji sun yi tono. Ga “babi na huɗu”, ga “babi na huɗu sabo”, ga “babi na huɗu sabo na gaske”, ga kuma wani wai shi “wannan ne na ƙarshe”, alhali akwai biyu a bayansa.

“Likita, da a ofishina kike, da tuni na ba ki takardar gargaɗi.”

“Baba Tsoho, na san inda kowanne yake. Ka taɓa hotunanka kawai, ka bar mini shirgina.”

Ranar Litinin da safe, saura kwana uku a miƙa kundi, Likita ta fita asibiti. Iya ta share falo, ta goge tebur, ta shiga kicin. Akawu ya zauna ya buɗe kwamfuta da niyyar kallon hoto. Ya dubi shirgin nan, ya kau da kai, ya sake dubawa. Sai ya ce a ransa, yarinyar nan ta gaji, bari in sauƙaƙa mata, in ta dawo ta tarar da aikin manya.

Ya fara da sunaye. Ya ba ta haruffa biyu, JK, wato jika. Ya so ya raba su da karkataccen layi kamar yadda ake yi a ofis, kwamfutar ta ƙi karɓa, ya yi tsaki ya sa ɗan gajeren layi. JK-01-BABI NA ƊAYA. JK-02-BABI NA BIYU. Yana yi yana jin daɗi, yatsunsa sun tuna ƙuruciyarsu. Ya yi goma sha huɗu, har da babi na huɗu da na biyar da jadawalin amsoshin matan nan. Daga nan sai ya so ya jera su sahu-sahu. Ya taɓa ganin Likita ta danna maɓallin dama wani ɗan jeri ya fito, ta zaɓi wani abu. Ya danna, jerin ya fito. Ya bi shi, wani jerin ya sake fitowa a gefe. Tabaransa na karatu yana ɗaki, ya ƙi tashi ya ɗauko. Ya danna layin da ya ga ya yi kama da wanda yake nema.

Komai ya ɓace.

Allon ya yi wayam. Hoton bango yana nan, wani kore-koren tsauni da gajimare, 'yar kibiyar ma tana motsi, amma fayil ko ɗaya babu. Ya kashe, ya kunna, ya sa kalmar sirri: wayam. Ya sake, har sau uku. Sai ya rufe kwamfutar a hankali, ya daidaita ta da gefen tebur yadda ya same ta, ya ɗauki jarida ya zauna. Har azahar bai juya shafi ba.

Da la'asar Likita ta dawo, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta buɗe kwamfuta, don saura mata gyaran babi na biyar ta kai a buga. Ta sa kalmar sirri. Ta matsa kusa da allon.

“Ina kayana?”

Ta buɗe manhajar rubutu ta danna aikin da ta yi jiya, aka ce ba a same shi ba. Ta rubuta “wannan ne na ƙarshe” a wurin nema, babu. Ina za a same shi, an sauya masa suna? Amma ita ba ta sani ba.

“Baba Tsoho, ka shiga yau?”

Ga ƙofa a buɗe. Da ya ce “na shiga, na so in jera miki, na danna wani abu”, da ta yi masa tsiya ta kwana biyu, da ta kira wata ƙawarta an gyara kafin magariba. Ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne:

“Ni? Jarida nake karantawa tun safe.”

Iya ta fito daga kicin tana goge hannu. “Me ya faru? Ni dai na goge teburin da safe, na ɗaga ta na mayar.”

Akawu ya cafke maganar kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. “To ga shi nan. Da jiƙaƙƙen tsumma. Sau nawa zan ce ba a kawo ruwa kusa da inji?”

Iya ta dube shi. Kallo ne mai ɗan tsawo. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, “Ki yi haƙuri, 'yar nan. Ban sani ba.”

Da jin ruwa, Likita ta yi maza ta kashe kwamfutar, don ta taɓa ji an ce haka ake yi. Ba ta yi wa kakarta faɗa ba. Ta dai zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Tana da kwafi a filashi, amma na wata guda da ya wuce ne, babu babi biyun ƙarshe, babu jadawali. Akawu ya ce kada ta damu, gobe da kansa zai raka ta wurin mai gyara. Da ya faɗi haka sai ya ji kamar ya rage wani abu daga laifinsa. Bai rage komai ba.

Ranar Talata suka tafi. Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗaukar hoto. Ciki warin dalma, da fanka mai kaɗa kai, da kanta cike da matattun kwamfutoci kowace da 'yar takarda manne a bayanta. Mai gyaran, wanda ake kira Injiniya, magidanci ne mai sanyin magana, yana tara ƙananan ƙusoshi a murafun kwalba. Ya ba dattijo kujera, ya saurari Likita har ta gama, bai taɓa kwamfutar ba.

“Da kika shiga, hoton bango yana nan?”

“Yana nan.”

“Kibiya tana motsi? Layin nan na ƙasa, mai agogo, kin gan shi?”

“Duk suna nan. Fayiloli ne kawai babu.”

Injiniya ya sosa kai. “Kin ga, fuska ta yi wayam bayan an shiga, abu uku ko huɗu ke kawo shi. Wani lokaci manhajar da ke zana fuskar ce ba ta tashi ba, sai a tashe ta. Wani lokaci kwamfutar ce ta buɗe wa mutum baƙon ɗaki maimakon nasa. Wani lokaci kuma hannu ne ya taɓa wani wuri ya ɓoye su. Duk waɗannan aikin minti biyar ne, amma sai na kunna. To abin da nake so in sani, me aka yi mata na ƙarshe kafin ta yi haka?”

“Ruwa ne,” in ji Likita. “Kakata ta goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.”

“Wannan bai yi mini kama da aikin ruwa ba.” Ya juya ga Akawu cikin ladabi. “Baba, kai ne a gida. Ita kwamfuta ba ta da baki, abin da kuka gaya mini da shi zan yi aiki. Ka tabbata ruwa ya taɓa ta? Ko dai wani ya ɗan shiga, ya danna wani abu ba da gangan ba? Yana faruwa kullum, har da mu masu gyaran.”

Ƙofa ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko faɗi, don mutumin har shimfiɗa ya yi masa a bakinta. Amma ga jikarsa tsaye, ga mai agogo ya leƙo yana saurare. Akawu ya ji idan ya faɗa yanzu, ba kuskure kaɗai zai amsa ba, har da ƙaryar jiya. Ya gyara zaman hularsa.

“Da idona na ga tsumman yana ɗiga.”

Injiniya ya yi ajiyar zuciya. “To shi ke nan. In ruwa ya shiga, ba a kunnawa. Jiya Allah ya kiyaye, amma ruwa tafiya yake yi a ciki. In na kunna ya taɓa inda bai kamata ba, allon ciki ya ƙone. Ita kuma irin wannan, ma'ajiyarta a manne take, ba ta ciruwa, balle in ɗauko miki aikinki ta wata hanya. Sai na kwance ta, na goge, na bar ta ta bushe sosai. Ku dawo Jumma'a da safe.”

“Jumma'a? Yallaɓai, Alhamis zan miƙa.”

“Ƙanwata, in na kunna yau ta mutu, ba Alhamis ba, har abada kin rasa. Zaɓi naki ne.”

Likita ta juya ta dubi kakanta, irin kallon da yaro ke yi wa babba idan abu ya fi ƙarfinsa. “Baba Tsoho, ya ka gani?”

Ya dubi murafun kwalba. Ya ce, “A bi maganar masu sani.”

Kwana biyun da suka biyo baya, ba a taɓa ganin mutum mai hidima kamar Akawu ba. Ya buɗe tafiretarsa ba ranar Asabar ba, ya ce Likita ta faɗa ya buga mata. Ta yi ƙoƙari, amma wa zai tuna amsoshin mata ɗari da ashirin da ka? Ya saya mata lemo. Ya hana rediyo magana. Ya yi komai, sai abu ɗaya. Abincin da Iya ta ajiye masa yakan koma kusan yadda ya zo. Ita kuwa Iya ta daina shiga falo in Likita na ciki, ta koma goge abubuwan da ba su da ƙura.

Ranar Laraba, in ban manta ba da hantsi ne, ya sa babbar rigarsa ya tafi makarantar ya roƙi alfarma. Ya tarar da jami'ar da ke karɓar kundi, mace mai tabarau, teburinta tsaf babu takarda ko ɗaya. Ya yi bayani, ya ambaci ruwa, ya ambaci tsumma. Yanzu ƙaryar ta saba da bakinsa, tana fita ba gargada.

“Baba, na tausaya,” in ji ta. “Amma in na ɗaga wa ɗaya, sai na ɗaga wa saba'in. Ƙa'ida ce.”

Ya san wannan magana. Shi ma ya sha faɗa wa mutane ita ta tagar ofis, da irin wannan muryar. Ya fito. Hanyar gida ta bi ta gaban shagon Injiniya, kuma daga tsallaken titi ya hango kwamfutar a kwance a kan tebur, cikinta a buɗe, fanka na kaɗa mata iska. Har yanzu akwai yini guda. Taku ashirin ne tsakaninsa da shagon. Ya tsaya, ya sa ƙafa ɗaya a titi, mota ta wuce, ya janye. Ya ce a ransa, wataƙila ma ba abin da na danna ba ne, wataƙila da ma za ta lalace. Da wannan ya lallashi kansa har gida.

Alhamis ta zo. Ƙarfe goma sha biyu agogon falo ya buga, su uku suna zaune, ba wanda ya ɗaga kai. Wayar Likita ta yi ta ƙara, ƙawayenta na aiko hotunan kundinsu da baƙin bango da rubutun ruwan zinariya. Ta kife wayar. Ta tashi ta je ta dafa kafaɗar kakarta.

“Iya, ki daina kuka. Ba da gangan kika yi ba.”

Akawu ya tashi ya shiga ɗaki.

Ranar Jumma'a Iya ta ce ita ma za ta je, tana so ta ga ɓarnar da aka ce ta yi. Suka tarar Injiniya ya mayar da kwamfutar ya ɗaure.

“Na duba ko'ina,” ya ce. “Ban ga ɗigon ruwa ba, ban ga sawunsa ba. Ƙura na gani da ɓurɓushin biskit.”

Ya kunna. Likita ta sa kalmar sirri. Tsauni da gajimare suka bayyana, wayam kamar da. Injiniya ya motsa kibiya, ya dubi layin ƙasa, ya buɗe wani wuri ya ga sunanta ne a kai, ba baƙon ɗaki ba. Ya ce, “Uhm.” Sannan ya danna maɓallin dama, ɗan jerin nan ya fito. Ya bi shi, na gefe ya fito. A layin ƙarshe, wanda ke cewa a nuna abubuwan da ke kan fuska, babu 'yar alamar da ya kamata ta kasance a gabansa. Ya danna sau ɗaya.

Komai ya dawo.

Ko numfashi biyu ba a yi ba. Ga shirgin Likita birjik kamar yadda ta bar shi. A tsakiyarsa kuma ga wasu goma sha huɗu da manyan baƙaƙe, tsaf kamar sojoji a cikin 'yan kasuwa.

Likita ta matsa. Ta karanta a hankali, leɓunanta na motsi. JK-01. JK-02. JK-09-JADAWALI. Ta san wannan tsari. Shi ne a kan kwalin takardun gida, shi ne a bayan hotunan jikoki, shi ne ma a kan gwangwanin da ake ajiye makullai.

Injiniya ya gane. Ya sunkuya yana neman wata ƙusa da ba ta faɗi ba, ya ce, “Wani lokaci sukan yi haka da kansu.” Mutumin kirki ne, ya so ya rufa wa dattijo asiri. Amma babu kwamfutar da ke raɗa wa fayil suna da kanta, kuma duk wanda ke shagon ya san haka.

Likita ba ta ɗaga murya ba. Ba ta ma juyo ba.

“Baba, wannan rubutunka ne.”

Akawu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya nemi abin da zai ɗora wa laifi, ya duba tabarau, ya duba jerin nan mai ƙananan rubutu, ya duba ko'ina cikin kansa, bai samu ko kofi ba. A karo na farko tun da ya yi wayo ya ce:

“Ni na yi.”

Maganar ta fito daidai, ba ta shaƙe shi ba, bai faɗi ya mutu ba. Abin da ya fi ba shi kunya ke nan, ganin yadda take da sauƙi. Kalma uku ce. Ranar Litinin da sun sayi shekara guda. Ranar Jumma'a ba su sayi komai ba.

Likita ta rufe kwamfutarta, ta yi wa Injiniya godiya, ta sa ta a jaka ta wuce asibiti. Tsofaffin biyu suka kamo hanyar gida a ƙasa, yana gaba tana baya kamar yadda suka saba. Sun yi nisa kafin ya ce, ba tare da ya waiwaya ba:

“Tsumman naki...”

“A bushe yake, Malam. Tun da aka kawo injin nan gidan ban taɓa goge teburin da ruwa ba. Kuma na gan ka a kanta ranar, sanda na fito ɗaukar tsintsiya.”

Ya tsaya. “Kin sani, kika yi shiru?”

“Na ɗauka ƙaramin abu ne, irin na kofi. Na ce bari in ɗauka, na saba. Da na ji an ce sai Jumma'a, na yi ta jira ka faɗa da bakinka. Kowane dare in ce gobe zai faɗa.” Ta gyara mayafinta. “Ni ma da nawa laifin. Shekara arba'in ina ɗauke maka, ban san wata rana yarinya ce za ta biya ba.”

Sauran hanyar, ita ce a gaba.

Da yamma ya sami Likita ya roƙi gafararta, a gaban Iya, ya roƙi ta Iya a gaban Likita. Yarinyar ta ce, “Ba komai, Baba. Allah ya yafe mana.” Ba ta kai ƙara wurin mahaifinta ba, ba ta bar gidan ba. Kullum da safe sai ta durƙusa ta ce, “Ina kwana, Baba,” ta tambayi lafiyarsa, ta kawo masa shayi, ta ɗauki jakarta da kwamfutar a ciki ta fita. Ladabi cikakke, babu abin da za a kushe. Gemu ya ci gaba da fari, ba mai tambayarsa. Wata rana ya gwada, ya ce, “Likita, yau ba allura?” Ta yi ɗan murmushi ta ce, “A'a, Baba.” Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar da aka yaye 'yan ajinsu, ta goge farar rigarta ta ɗalibai ta tafi aiki ɗakin awon jarirai. Ya tsaya a taga yana kallonta har ta sha kwana.

Shekara ta zagayo. Ta miƙa kundinta tun saura mako guda. Da ta dawo ta zo da kwafi ɗaya mai baƙin bango, ta tarar da shi a falo, ta ɗora masa a cinya. Sannan ta ce:

“Baba Tsoho, duba mini ko layin ya miƙe.”

Ya buɗe. Tabaransa na kan hancinsa a wannan karon, amma hawaye suka hana shi ganin layi ko ɗaya. Ya ce, “Ya miƙe,” ya riƙe littafin da hannu biyu. Sunan Baba Tsoho ya dawo. Shekarar kuwa ba ta dawo ba, kuma shi da ita duk sun san a hannun wa ta salwanta.

Darasin da ke cikin wannan labari, mai karatu, shi ne kuskure ba ya cin mutum kamar yadda ɓoye shi ke ci. Abin da Akawu ya danna, dannawa ɗaya ta gyara shi. Abin da ya ƙi faɗa shi ya cinye wa jikarsa shekara, ya sa matarsa kuka a kan laifin da ba ta yi ba. Duk wanda ka kai wa matsala, ko mai gyara ne ko likita ko malami, da maganarka zai yi aiki, kuma in ka ba shi labarin ƙarya zai yi maka gyaran ƙarya da iyakar gaskiyarsa. Saboda haka idan aka tambaye ka me aka yi na ƙarshe, faɗi abin da hannunka ya taɓa tun ranar farko, ko da furfura a kanka, ko da a gaban jikanka ne. Kada kuma ka saba wa wanda kake ƙauna da ɗauke masa laifinsa, domin wata rana nauyin zai faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Kunyar cewa “ni na yi” ta yini ɗaya ce. Kunyar a gano ka, ita ce mai zama da mutum har ƙarshen kwanansa.